Murfin Tukunya a Ƙirjin Sulke

Sana'ata sayar da motoci ce, 'yan Kwatano. Da wankin mota na fara a bakin titi lokacin muna Rigasa, na koma dillancin babura, har Allah ya ba ni filina a hanyar Kawo, kafin a kai Katabu. Ban yi boko mai nisa ba, amma abin da kasuwa ta koya mini na riƙe shi da kyau. Mai saye jikin mota yake fara kallo. Ko injinta na tafiya kamar agogo, in ya ga lotsi ɗaya a ƙofa, to a nan cinikin zai tsaya, ya yi ta shafa wurin yana girgiza kai. Shi ya sa babu motar da ke kwana biyu a filina da lotsi a jikinta. Ana sauke ta nake zagaya ta da alli a hannu, duk inda na ga ya lotsa ko ya ƙuje in yi masa da'ira, gobe a buge, a cika, a goge, a fesa. Har ta kai ko a motar wani na ga lotsi a kan titi, sai hannuna ya riƙa ƙaiƙayi.

Da wannan halin na ciyar da iyalina. Da shi kuma na ɓata abu guda da 'yata ta taɓa neman in sa mata hannu a ciki.

Ita ce autarmu, sunan mahaifiyata aka sa mata, don haka Uwata nake kiranta. Yayyenta maza biyu sun riga sun kama gabansu, ɗaya a Abuja ɗaya a Kano. Mamansu ta rasu bayan jinyar wata huɗu, lokacin auta tana shekarar farko a makarantar koyon fasaha, inda take karatun lantarki. Daga nan gidanmu na Unguwar Shanu ya rage ni da ita, sai yayata da takan zo ta yi mana mako ta koma.

Ba faɗa muke yi ba. Da ma faɗan ne, da na san yadda zan ɓullo masa. Gaisuwa ce da safe, gaisuwa da yamma, "Abba ga abinci," "Allah ya yi albarka," shi ke nan. Sai bayan rasuwar na gane cewa duk shekarun nan ta bakin mamanta nake jin labarin 'yata. Ita ke gaya mini ta ci jarrabawa, ita ke gaya mini takalminta ya matse, ita ke gaya mini yau kada in yi mata faɗa don ranta a ɓace yake. Da aka ɗauke wannan bakin, sai muka zama kamar baƙi biyu da suka haɗu a benci ɗaya a asibiti. Na yi abin da na iya. Na sauya mata waya, na saya mata kwamfuta, na sa aka yi mata sola a ɗaki. Kowanne ta durƙusa ta yi godiya ta koma ciki.

Wata Asabar, shekara uku da rasuwar, ina filin mota sai ga ta ta sauko daga keke napep da wani babban littafin zane a hammata. Ba ta taɓa zuwa filin ita kaɗai ba. Na tare ta, na ce ko wani abu ya faru.

"Lafiya lau, Abba. Bamba nake nema."

"Bamba? Ta wace mota?"

"Ko ta wacce. Wadda ta fashe, wadda ba za ka yi komai da ita ba."

Na ja mata kujera a ƙarƙashin rumfa. Ta buɗe littafin. Mutum ne a zane daga sama har ƙasa cikin sulke, kai a rufe da kwalkwali mai gilashi, kafaɗu da faranti-faranti, daga ƙugu kuma wasu falle-falle masu hawan juna har idon sawu. Ta zana shi ta gaba, ta baya, ta gefe, ta ja layuka ta rubuta awo a gefen kowane sashe, kamar takardar da ke zuwa da sabon inji.

Ta yi mini bayani a hankali, tana satar kallon fuskata. Ita da wasu abokan karatunta da wasu da suka haɗu a intanet suna da wani wasa. Sun ƙirƙiri zamanin da 'yan Adam suka bazu a wasu duniyoyi can cikin taurari, kowa ya ɗauki mutum guda ya zama shi, ya ba shi tarihi da hali, sai su riƙa gina labarin tare, wannan ya rubuta abin da nasa ya yi, wancan ya mayar. Tata matuƙiyar jirgi ce mai jigilar ruwa zuwa duniyoyin da ba a ruwan sama. Za a yi taro a wani zaure a nan cikin gari bayan mako shida, kowa zai zo cikin shigar mutuminsa. Ita kuma ba ta son sayen na kanti, da hannunta take so ta haɗa.

Na ce, "Wato dai tashe za ku yi, na 'yan boko."

Ta yi dariya. Wallahi na manta yadda dariyarta take sai ranar. Irin ta mamanta ce, tana rufe baki da bayan hannu.

"Tashe ne, Abba, amma ba a ba mu ko sisi."

"To wannan ai asara ce. Mu ga takardar."

A raina na ce ko me yarinyar nan take so a duniyar nan, in dai zai sa ta sake zama kusa da ni haka, sai an yi shi.

Abin da ban zata ba shi ne ina da amfani a cikin aikin. Ita ta san lantarki, ni kuma na san kaya. Na kai ta kasuwar Panteka, inda na san kowane lungu, na nuna mata bambancin robar bamba mai lanƙwasuwa in ta ji zafi da mai tsagewa. Da farko ƙarfen kwano take so ta yi kafaɗun da shi don ya yi ƙara in an ƙwanƙwasa. Na ɗora mata falle biyu a kafaɗa na ce ta zagaya rumfar sau uku. A zagaye na biyu ta sauke.

"Matuƙiyar taki a sama take, babu nauyi. Ke kuwa a Kaduna kike, cikin watan zafi," na ce mata.

Muka koma roba. Falle-fallen ƙasa muka yanko daga tabarmar da ake shimfiɗawa a ƙasan mota. Kwalkwalin hular kwano ce ta 'yan acaba, ta yanke gabanta ta sa gilashi mai duhu, ta faɗaɗa cikinta don ta zauna a kan hijabi ba tare da ta matse ba. Ni na ce a sa 'yar fanka irin ta cikin kwamfuta a ƙeya, in ba haka ba gilashin zai yi gumi ta daina gani. Ta bi duk gaɓoɓin da siraran fitilu shuɗɗa, irin waɗanda samari ke sa wa motocinsu a ƙarƙashin kujera, ta haɗa su da batirin cajin waya guda biyu a ɗamara. Ta sa wata 'yar na'ura a haɓar kwalkwalin mai sauya murya, in ta yi magana sai ka ji kamar daga cikin rijiya.

Wata rana na tambaye ta, "In kina cikin wannan abin aka kira la'asar fa? Minti nawa za ki yi kafin ki fita?"

Ta duba zanen. Igiyoyi ta shirya ɗaurawa, wajen goma sha biyu. Na tashi na je bayan fili inda muke tara tarkace, na yanko bel ɗin kujera guda shida da maƙallansu. Muka dasa su a kafaɗu da haƙarƙari da ƙugu. Ka danna jan maɓalli, ƙas, sashen ya sauka. Ta gwada, kafin in gama shan ruwan leda ɗaya ta fita daga sulken gaba ɗaya. Ta ce za ta sa wannan a cikin labarin, cewa sulken matuƙiyar yana da maɓallan sallah. Ranar da kyar na iya cin abinci saboda daɗi.

Makonni biyar ɗin nan su ne mafi kyau da na yi tun bayan rasuwar. Muna cin abinci a tabarma ɗaya, robobi da wayoyi a zube kewaye da mu, gidan duk warin gam. Yayata da ta zo ta tarar da mu haka ta riƙe haɓa.

"Oh ni! Tsohon banza da furfura, an mayar da kai yaron makanike. Ke kuma dodon me za ki zama?"

"Matuƙiyar jirgi ce, Gwaggo."

"Jirgin Kano ko na Legas?"

"Na duniyar sama."

"To in kin isa ki gaishe su. Ki ce musu gas ya yi tsada a nan."

Ƙirjin sulken kaɗai ne ba ta nemi shawarata a kai ba. A ɗakinta ta yi shi. Ranar da ta fito da shi na ga murfin tukunya ne, na silba, babba, irin na tukunyar dafa abincin gida mai yawa. Ta cire mariƙinsa ta dasa fitila a gurbin, ta huda ƙananan ramuka huɗu a baki don maƙallai. Dabarar ta burge ni, don faɗinsa ya yi daidai da ƙirji kuma ba shi da nauyi. Amma a gefen hagu, sama kaɗan, akwai wani lotsi mai zurfi, kamar tafin hannu, da ƙujewa a tsakiyarsa. Idona bai ga fitila ba, bai ga maƙallai ba, can ya tafi ya tsaya.

Na ce, "Uwata, wannan ai ya lotsa. Bari in samo miki sabo a kasuwa."

"A'a, Abba, shi nake so. Ka ga, a labarin, sulken ba nata ba ne tun farko. Gadonsa ta yi. Wadda ta fara sa shi..."

Wayata ta yi ƙara. Wani mai saye ne daga Zariya da muka kwana uku muna ja a kan wata mota. Na ɗaga mata hannu na ce ta ci gaba ina ji, na kara wayar a kunne. Ta ɗan ci gaba, ina gyaɗa kai, rabin hankalina yana Zariya. Na tuna na ji ta ce wani abu game da iska da rufi. Da na ajiye wayar ta riga ta mayar da murfin ɗaki. Ban tambaya ba. Na ɗauka na gane: yarinya ce mai kunya, ba ta son ta ɗora mini wani sayen, ta ɗauko tsohon murfi a sito ta ƙirƙira masa labari don ta rufe aibinsa. Haka masu kawo mini mota suke yi. Kowane lotsi da tatsuniyarsa.

Saura kwana huɗu taro, ta tafi makaranta da safe, tana da gwaji a ɗakin aiki har yamma. Sulken yana rataye a falo a jikin wani katako da muka yi masa. Na tsaya ina kallonsa da kofin shayi a hannu. Duk sassan mun fesa su ruwan toka mai ƙyalli, sun yi kamar daga kamfani suka fito. Ƙirjin nan kaɗai ya zauna a tsakiya, dusu-dusu, da raminsa. Na ce a raina 'yata ba za ta shiga cikin 'ya'yan manya da tsohon murfi a gaba ba, ubanta yana da mai gyaran jikin mota mafi iya aiki a garin nan. Na danna maɓallai huɗu, na cire wayar fitilar a hankali, na naɗe murfin a buhu.

Mai gyaran nawa dattijo ne, mun fi shekara ashirin tare. Shi ke buge duk lotsin da na yi wa da'ira. Ya karɓi murfin ya juya shi, ya kai shi bakin ƙofa inda haske yake.

"Alhaji, yanzu har tukwane ka fara shigowa da su daga Kwatano?"

"Na 'yata ne. Wasan makaranta. Ka fitar mini da wannan, ka fesa ruwan toka irin na rannan."

Ya sa babban yatsa a cikin ramin ya shafa. Ya daɗe yana shafawa.

"Ka ce mata za ka kawo?"

"So nake ta gani kawai."

"Don ka ga, an shafa wa wurin nan man ƙyalli mara launi, nan kaɗai. Kuma duba ta baya, an manna wani abu da waya a daidai ramin. Wanda yake son ɓoye lotsi ba ya yi masa haka. Wannan lallaɓa shi aka yi."

"Yarinta ce. Ba ta san ana iya fitarwa ba."

"'Yar dillalin mota ba ta san ana fitar da lotsi ba?"

Na ji haushin maganar, don akwai mutane a wurin kuma sun yi dariya. Na ce, "Malam, shekara nawa ina kawo maka aiki? Yaushe ka fara yi wa lotsi tambayoyi? Kai dai buga."

Ya kalle ni, ya ce, "To, kayanka ne." Ya ɓamɓare abin da ke manne a baya ya miƙo mini, wani ɗan falle kamar kwabo da siririyar waya. Ya ɗora murfin a kan dungun ƙarfe ya ɗauki ƙaramar gudumarsa. Bai fi minti ashirin ba. Silba ba ta da gardama. Ya bi ramin daga baki zuwa tsakiya, tas, tas, tas, ya goge, ya cika 'yar ƙujewar, ya sake gogewa, ya fesa. Da azahar ya bushe. Na ga fuskata a ciki. Na yaba masa, shi kuwa ya koma kan ƙofar motar da yake yi.

Na riga ta isa gida na mayar da shi a mazauninsa. Na zauna a kujera da jarida, ina jira kamar yaro ranar sallah.

Ta yi sallama ta shigo, jaka a kafaɗa. Ta gaishe ni. Ta juya wajen sulken, sai ta tsaya. Ta matsa kusa. Ta ɗaga hannun dama ta ɗora tafin a gefen hagu na ƙirjin, inda ramin yake a da. Hannun ya zame a kan fentin. Ta sake ɗorawa.

"Ya kika gani?" na ce. "Ko mai kamfanin bai isa ya ce an taɓa shi ba."

Ba ta juyo ba. Can ta ce, "Na gode, Abba. Ya yi kyau." Ta shige ɗaki ta rufe ƙofa a hankali. Da ta buga ƙofar ma da ya fi mini.

Yayata tana bakin kicin tana tsince shinkafa, duk ta ga abin da ya faru. Ta ajiye tiren ta zo ta leƙa sulken, ta kalle ni.

"Ina murfin da ke nan?"

"Shi ne wannan. Gyara shi na sa aka yi."

"Inna lillahi. Kai, wai kai wane irin mutum ne? Ba ka gane shi ba?"

"Murfin tukunya ne, Yaya."

"Na wace tukunya? Shekara ashirin kana cin tuwon da aka rufe da shi!"

Sai ta zaunar da ni kamar yadda take yi muna yara, ta ba ni labarin da ya kamata a ce ni ke ba wa wasu. Lokacin muna gidan haya a Rigasa, auta tana da shekara biyu. Kicin ɗin rumfar kwano ce, an danne rufin da bulo da duwatsu kamar na kowa. Iskar farkon damina ta taso da la'asar, matata tana tuƙa tuwo, yarinyar tana zaune a gefen ƙafarta. Iskar ta ɗaga kwanon. Matata ta ga bulo yana gangarowa, ba lokacin gudu, murfin yana hannunta, sai ta kifa shi a kan yarinyar ta danne da hannu biyu. Bulon ya sauka a kan murfin. Yatsunta biyu suka goce, yarinyar ko ƙwarzane ba ta yi ba.

"Kai kana ina? Kana Kwatano. Ka dawo bayan kwana tara da motoci, ta gaya maka, ka ce Allah ya kiyaye gaba, ka sa aka yi wa kicin sabon rufi. Ka ce a yar da murfin ka sayo wani. Ta ƙi."

Na tuna rufin. Na tuna har kafintan da ya yi shi. Na tuna yatsunta a ɗaure da tsumma. Murfin ne ban tuna ba, sai da Yaya ta ce, "Ba shi ne kake ta mita a kai ba, wai yana hana ka jin labarai?"

A nan ya dawo mini. Tun daga ranar da bulon ya faɗa masa murfin bai ƙara zama daidai a bakin tukunya ba. In ruwa ya tafasa sai ya riƙa rawa, kaf-kaf-kaf, tururi na fita ta gefe. Daga Rigasa har Unguwar Shanu wannan ƙarar ta biyo mu. Kullum da yamma in na dawo ita nake fara ji tun daga zaure. Na sha cewa, "Wai ba za a rabu da wannan abin ba?" Ita kuma ta ce, "Bar shi, yana gaya mini ruwa ya yi." Na sayo mata tukwane saiti-saiti, ta jera su a kabad, ta ci gaba da dafa tuwo da tsohuwar. Bayan rasuwarta ƙarar ta ɗauke, ni kuma ban ma lura da ranar da ta ɗauke ba.

Na ƙwanƙwasa ƙofar auta. Ta buɗe, idonta a bushe. Na ce mata ban sani ba. Ta ce ta gaya mini. Na ce haka ne, ta gaya mini. Na ciro ɗan fallen nan daga aljihu na miƙa mata, na tambaye ta na mene ne.

"In na sa tafina a cikin ramin, shi ke kunna fitilun duka. Daidai hannuna yake, Abba. Mama takan kama hannuna ta sa a ciki tun ina ƙarama, ta ce in ya cika ramin na girma. Bara ya cika."

Haka na juya na koma falo. Ni da nake iya shawo kan mutumin da ya rantse ba zai saya ba.

Washegari da sassafe na koma wurin dattijon da murfin. Na ce ya mayar da lotsin. Na zana masa a takarda yadda yake, na nuna masa hoton da ke cikin littafinta wanda na ɗauka da waya, don ta zana ramin a kowane shafi, ni na ɗauka inuwa ce. Ya saurare ni har na gama.

"Alhaji, zan iya lotsa maka shi. Ko kai ma za ka iya, ga guduma nan. Amma na guduma ne zai fito. Kai da kake gane bugun itace da na babur daga nesa, kana ganin ita ba za ta gane ba?"

Na san gaskiya ya faɗa. Duk da haka na tsaya da gudumar a hannu na ɗan lokaci. Sai na ajiye. Na ce ya kankare fentin kawai. Ya kankare, silbar ta fito fes, sumul, ba alamar komai.

Ta je taron. A kwanakin da suka rage ta yanki sabon ƙirji daga ragowar robar bamba, ta sa masa maɓalli na kunna fitila irin na kowa. Ni na kai ta a mota, sulken a but. Ta shirya a ɗakin mata ta fito, fitilu shuɗɗa suna bin gaɓoɓinta, matasa suka kewaye ta da wayoyi. Wani yana tambayar wa ya yi tunanin bel ɗin kujera, na ji muryar nan ta cikin rijiya ta ce, "Babana." Ba ta rage mini komai ba. A hanyar dawowa ta gode mini, ta ce fankar ta yi aiki.

Ba ta taɓa tayar da maganar ba. Ba ta yi fushin da za a ce a ba ta haƙuri ba. Amma littafin zanen bai sake fitowa falo ba, muka koma "Abba ga abinci," "Allah ya yi albarka." Wata uku bayan haka na yi ƙarfin hali na tambaye ta ina labarin matuƙiyar jirgi. Ta ce tana nan tana jigilar ruwa. Na ce sulken gadon fa? Ta ce a labarin an kai shi gyara a wata tasha, masu gyaran suka yi aikinsu da kyau. Ta faɗe shi ba tare da ɗaci ba, tana ninke kaya.

Yanzu tana aiki a Legas, a wani kamfanin sola. Takan kira ni duk Juma'a, mu yi minti biyar, ta tambayi ƙafata da kasuwa, in tambayi aiki da zafi. Da za ta tafi ta kwashe sulken a kwali biyu, kwalkwali da kafaɗu da komai. Murfin ta bar shi a sito, a kan tsohuwar tukunyar.

A fili har gobe da allina nake zagaya mota, ba zan yi wa kowa ƙarya ba, abincina ke nan. Sai dai in mai ita yana tsaye ya fara ba ni labarin yadda ƙofa ta lotsa, nakan kife wayata a kan bonet in bar shi ya kai ƙarshe. Yawanci ba komai a ciki, get ɗin gida ne ko bango.

Bara da azumi Yaya ta zo, ta rasa babbar tukunya ta ɗauko tsohuwar. Na mayar wa murfin mariƙi, na toshe ramukan nan huɗu da ƙananan kusoshi. Ta ɗora ruwan tuwo ta rufe. Na ja kujera na zauna a bakin kicin ina kasa kunne. Murfin ya zauna ɗas a bakin tukunyar. Ruwan ya tafasa har ya kusa ƙonewa ba wanda ya sani, sai da Yaya ta ɗaga ta duba.